Rakodar da Ta Tafi da Maganar Mai Ɗinki

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, iyalan marigayiya Rakoda suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa matso da bakinsa kusa da ita ya faɗi abin da ke ransa, cewa rai ya yi halinsa. Marigayiya ta rasu da hantsi a tsakar gidan mariƙiyarta, bayan gajeriyar jinya a cikin bokitin wanki. Ana kuma sanar da cibiyar nazarin rayuwar birni, inda ta yi aiki ba lada ba godiya. Ba don ana sa ran komai daga gare su ba, sai don kada gobe su ce ba a gaya musu ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, marigayiya na'urar ɗaukar murya ce, baƙa, siririya, ba ta kai tsawon tafin hannu ba, da ɗan jan ido guda da ke kamawa idan tana saurare. Ba a san shekarunta ba. Da tsufanta ta shigo gidan, a aljihun yayan mariƙiyarta, wanda ya samo ta a teburin masu sayar da tsofaffin kayan lantarki lokacin da ƙanwarsa ta gama jami'a. Ya ce tunda ita ba ta magana, ga wadda za ta taya ta ji. Tun a lokacin maɓallinta na gogewa ya riga ya mutu, wayar da ake haɗa ta da kwamfuta kuwa ta ɓace tun a hannun mai ita na farko. Saboda haka duk abin da ya shiga cikin marigayiya ya zauna ke nan. Ba ya goguwa, ba ya fita sai ta 'yar lasifikar da ke bayanta ko ta ramin abin sawa a kunne. Wannan shi ne mafi kyawun halinta, shi ne kuma ya zama ajalinta.

Mariƙiyar tata budurwa ce mai kunya, irin wadda idan aka taka mata ƙafa a mota ita ke ba da haƙuri. A cibiyar Shiru suke kiranta, har wasu sun ɗauka sunan yanka ne. Aikinta shi ne ta bi unguwanni ta sa mutane su ba da tarihin zamansu a birni da bakinsu: yadda suka zo, abin da suka tarar, abin da ke ba su tsoro, abin da ya hana su komawa inda suka fito. Cibiyar tana da allo mai hasken lantarki a bakin ƙofa, da kujera mai juyawa a ofishin Darakta, da labule mai kauri da ya dace da kalar kafet. Abin ɗaukar murya ne dai ba ta da shi. An ce kowa ya zo da nasa, alamar sadaukarwa ce.

Da marigayiya Shiru ke ƙetare ƙofofin da ita kaɗai ko kusa da su ba za ta iya zuwa ba. Ta yi sallama, ta ajiye ta a kan benci ko bakin taga, ta yi tambaya ɗaya da ta haddace tun a hanya, daga nan kunya ta ɗaure mata baki. Mutane kuwa ba sa jure shiru a gaban baƙo. Su gyara zama, su kalli jan idon, su fara da abin da ake faɗa wa kowa, can kuma sai ka ji sun gangaro kan abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Marigayiya ba ta taɓa katse mutum ba. Ba ta taɓa cewa a taƙaita ba. Ba ta taɓa duba agogo ba, ba ta kuma taɓa ƙarasa wa wani maganarsa da kalmomin da ta fi so ba. Waɗannan halaye ne da ba a samun su a kasuwa, balle a cibiya.

A cikinta akwai yaron mota da ya ce, “Birni? Ni ta ƙofar mota na san shi, 'yar'uwa, rabina a ciki rabina a waje. Rufe mini ido ki zaga da ni, kowace tasha zan gaya miki sunanta daga warinta.”

Akwai mai wanki da guga da ya ce, “Wandon kowa a layin nan na san shi, har da wanda aljihunsa ya huje. Amma in mun haɗu a titi sai su wuce ni kamar turken lantarki.”

Akwai tsoho mai gyaran takalma, wanda ya yi tari mai tsawo kafin ya ce, “Da na zo garin nan, 'yata, inda bankin can yake akuya ce a ɗaure. Kuma akuyar ta fi su amsa gaisuwa.”

Ba za mu ɓoye ba, marigayiya ta sha wahala ma a rayuwarta, kuma mafi yawanta a ɗakin taron cibiyar ta sha ta. Darakta mutum ne da bai yarda maganarsa ta faɗi ƙasa ba. Da ya buɗe baki a taron mako sai ya nuna ta da biro ya ce, “Shiru, kunna abin nan, saboda tarihi.” Haka cikinta ya cika da shi, tana ɗauka tana haƙuri, ba ta da ikon amayarwa. Iyalai suna zargin tun daga nan lafiyarta ta fara taɓuwa. Ga kaɗan daga abin da ta haɗiya:

“Mu a nan muryar marasa murya ne. Ku rubuta wannan. A'a, ai tana ɗauka. Kai, yi mini shiru ina magana.”

Da kuma: “Ina hawayen? Na saurari abin da kuka kawo, kowa lafiya lau, kowa sai godiya. Masu ba da tallafi za su taso daga nesa su ji mutum yana cewa lafiya lau? Ku koma ku tono mini wani abu mai taɓa zuciya.”

Shi kansa bai taɓa sa ƙafa a unguwannin da ake nazari ba. Yakan wuce ta gefensu da gilashin mota a rufe, ya nuna wa baƙi da haɓa. Babban na hannun damansa wani saurayi ne da ake kira Mai Turare, wanda ake jin zuwansa kafin a gan shi. Shi idan ya je hira yakan yi tambaya, ya amsa ta da kansa, sannan ya ce wa mutumin, ko ba haka ba? Mutumin ya ce haka ne. Darakta yana yabon aikinsa da cewa a tsare yake.

Yanzu sai maganar ciwon ajali. Iyalai sun daɗe suna shawara kafin su kawo ta, suka ga a rubuce ba ta da haɗari. Gidan haya irin wanda za a ambata ya cika birni, mai gida irin wannan kowace unguwa da nata, sana'ar da muka ba matar a nan ma ba lallai ita ce tata ba. Takarda ba ta da murya, shi ya sa.

Gidan dogon lungu ne da ɗakuna hagu da dama, bangayensu ba su kai rufi ba, famfo ɗaya a ƙarshen lungun da kwado a jikinsa. Ba a shiga sai da izinin mai gida, wanda 'yan haya ke kira Baba. Ranar farko da kansa ya raka Shiru ɗaki ɗaki, ya tsaya a kan kowa har ya dangwala hannu a takardar amincewa, ya kuma ja kujera ya zauna ana hirar. Kowa ya ce zaman birni sai hamdala. Da ta koma wata rana, aka ce ya tafi ɗaurin aure. A ranar ne ta zauna da Mai Ɗinki, bazawara mai 'ya'ya mata biyu, wadda ke ajiye keken ɗinkinta daf da ƙofa saboda haske. Duk tsawon hirar ana jin ƙafarta a kan keken, yana tafiya yana tsayawa.

“Ajiye ta nan kusa da zare,” in ji Mai Ɗinki. “Ba ta cizo dai ko? To, ƙanwata, me kike so ki ji, daɗin birni ko abin da ke akwai?”

“Duk wanda kika ga dama, Yaya.”

“Ji ta da ladabi. Ke ba za ki yi tsada a kasuwa ba, ciniki ɗaya za a ɗauke ki. To bari in gaya miki. Duk faɗin garin nan da kike gani ta tagar mota, nawa daga gadon nan ne zuwa ƙofar nan. Ƙofar ma ba tawa ba ce. Kin ga ɗakin ƙarshe, mai labule? Kina tsammanin zafi ke damunsu? Mijin matar ɗakin ne ya tambayi dalilin da ake kulle famfo da rana. Tambaya kawai, da hularsa a hannu. Washegari sai ga Baba da kafinta. Bai yi faɗa ba, ai shi ba ya faɗa. Ya ce ƙofar tana son gyara. Tun damina take wajen gyara.”

Keken ya tafi, ya tsaya. Sai ta sauya murya, ta kumbura ta, ta ja ta ta hanci, har da ɗan tarin da Baba yake yi kafin ya shigo lungu.

“Ehem, ehem. 'Ya'yana, ana lafiya? Na zo duba bango ne. To bangon nan, ƙanwata, a cikin tukunya yake, don murfi yake ɗagawa. Ya leƙa, ya shaƙa, ya ce, ashe ɗinki yana tafiya. Ranar da ya ga nama, ki fara shirin ƙarin haya. Ni yanzu naman a ƙasan tukunya nake binne shi, kamar mai laifi.”

Nan ta yi dariyarta. Duk wanda ya taɓa jin dariyar nan sau ɗaya ba zai haɗa ta da ta wani ba. Takan tashi sama, ta shaƙe a ƙarshe, kamar famfon da ruwa ya ɗauke masa. Da dariyar ta lafa, keken bai sake tashi ba. Marigayiya ta ɗauki shirun gaba ɗayansa, har da ƙarar bokitin wata maƙwabciya daga can nesa.

“Ni ba barin gidan nake tsoro ba, duk da masu kawo mini ɗinki nan suka sani. 'Yan matan nan nawa sun fara tasawa. Ɗaki ba ƙofa, da budurwa biyu a ciki, a gidan da gwauraye suka fi masu iyali yawa. Ke mace ce, ba sai na ƙarasa ba. Shi ya sa in ya ɗaga murfi nake cewa, Baba a zuba maka?” Ta ja numfashi. “Wannan tsakaninmu ne ko, ƙanwata? Ni da ke da wannan 'yar baƙar.”

“Tsakaninmu ne, Yaya. Ba wanda zai ji.”

Duk shekarun da suka yi tare har zuwa ranar nan, wannan ce magana mafi tsawo da Shiru ta yi a gaban marigayiya ba tare da an tambaye ta sau biyu ba.

Ana cikin haka cibiyar ta shirya babban taro. Za a kama zaure, a jera lasifikoki, a gayyato masu ba da tallafi, a kunna musu muryoyin birni su ji da kunnensu. A layin gaba za a zaunar da dattawan unguwannin da aka yi aiki a cikinsu, don baƙi su ga cibiya tana tare da jama'a. Baba mai gidan haya yana cikinsu, har an buga sunansa a katin gayyata. A taron mako aka ce kowa ya kunna abin da ya fi ƙarfi a cikin nasa. Shiru ta kunna tsoho mai gyaran takalma. Darakta ya yi hamma tun kafin tsohon ya gama tari, ya miƙo hannu ya ɗauke marigayiya daga gabanta, ya ce ita ba ta san mai kyau ba. Ya dinga danna ta da katon yatsansa kamar mai neman tasha a rediyo, har ya faɗa kan ehem, ehem.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mai Turare har da buga tebur. Wata mai buga takardu ta ce a maimaita wurin tukunya, aka maimaita. Da aka zo wurin 'yan mata da ƙofa, Darakta ya lumshe ido ya dafa ƙirji, irin na wanda aka kawo masa abin da ya yi oda. Suka saurara har ƙarshe, har alkawarin. Sannan ya tura wa Shiru marigayiya ya ce ta kunna, zai faɗi abu mai muhimmanci. Don haka abin da ya biyo baya ma yana cikinta.

“Da wannan za mu buɗe taro,” in ji Darakta. “Akwai dariya, akwai hawaye. Wannan ita ce muryar birni.”

“Ranka ya daɗe, za su gane ta.”

“Wa ya yi magana? Shiru ce? Lallai yau za a yi ruwa.”

“Mai gidan zai zauna a gaba, ranka ya daɗe.”

“To sai me? Ai za mu cire suna. Ƙa'idar bincike ke nan, ko ba a koya muku ba? Za a ce, wata mazauniyar birni. Shi ke nan an kare ta.”

“Ba ta faɗi suna ba. Muryar ce.”

“Murya ai murya ce, 'yata. Mata nawa ne a garin nan? Ba ta dangwala hannu a takarda ba?”

“Ta dangwala. Amma ta ce tsakaninmu ne.”

“Na ji wurin. Mai Turare, a yanke shi, yana kashe wa abin armashi. Gobe mai haɗa sauti zai zo ya zuƙe ta ta ramin kunne. Kashe, na gama.”

Ba a zargin Darakta da mugunta, domin mugunta tana bukatar a san mutum. Shi a bayan katanga yake kwana, da get da mai gadi, ko maƙwabcinsa ya kira shi a waya sai ya tambayi wa ke magana. Don haka a saninsa mutum suna ne, in an cire sunan an ɓoye mutumin. A gidan da bango bai kai rufi ba kuwa, ba a bukatar suna. Da tari ake gane mutum, da jan silifa, da yadda yake ajiye bokiti. Yaro yana kwance zai gaya maka wace ce ta yi atishawa a ɗaki na can. Mutumin da ya yi shekaru yana nazarin rayuwar birni bai san wannan ba, ba kuma zai sani ba, domin wadda ta gaya masa ba ta da babbar murya.

Shiru ta koma gida da marigayiya a jaka, hannunta a kanta duk hanya. Ta danna maɓallin gogewa har yatsanta ya yi ja, ko Allah zai sa ya farfaɗo. Bai farfaɗo ba. Ta yi tunanin ta ce ta ɓace, amma ta san kanta: wadda ba ta iya cewa a'a ba ta iya ƙarya, kallo ɗaya Darakta zai yi mata ta fito da ita daga inda ta ɓoye. Ta yi tunanin ta sake yi masa magana, ta tuna dariyar da aka yi. Ta san kuma ba Mai Ɗinki kaɗai ke ciki ba. Yaron mota yana ciki, mai wanki da guga yana ciki, da tsohon da akuyarsa, da duk wanda ya yarda da ita ya buɗe baki. Yawancinsu ta riga ta kwafe maganarsu a takarda, amma ta san abin da takarda ke zubarwa.

Da safe ta ce wa mahaifiyarta za ta yi wanki kafin ta fita. Ta jiƙa kaya, kumfa ta tashi. Ta zauna a kan 'yar kujera, ta fito da marigayiya daga safar da take kwana a ciki, ta goge mata fuska da bakin zane, ta sa mata sababbin batura. Ta kunna tsohon, ta bar shi ya yi tarinsa har ƙarshe. Sannan ta nemo Mai Ɗinki. Ana cikin dariyar nan, hannun da bai taɓa sakin marigayiya ba ko a turmutsitsin shiga mota, ya buɗe a saman bokiti.

Marigayiya ba ta tafi nan take ba. An ɗan ci gaba da jin dariyar daga ƙarƙashin kumfa, tana nisa tana nisa, sannan wani ɗan sauti kamar na cinnaka a cikin gwangwani, sannan babu. Mahaifiyar Shiru tana shanya a gefe. Ta ga komai, ta dubi fuskar 'yarta, ta juya ta ci gaba da shanya. Marigayiya ta zauna a ƙasan bokitin har aka cuɗa kayan, aka ɗauraye, aka matse. Daga nan aka tsamo ta aka shanya a rana, don kada a ce ba a yi ƙoƙari ba.

Da aka kai wa Darakta gawar a cikin leda, tambayarsa ta farko ita ce ko jawabansa ma sun tafi. Aka ce sun tafi. A nan ne kaɗai aka ga alamar rashi a fuskarsa. Ya sa aka kai ta wurin mai gyara, wanda ya buɗe cikinta ya tarar da sabulu ya bushe a kan komai, ya mayar da murfin ya ce a yi haƙuri. Darakta ya kira Shiru sakarya a gaban kowa, ya ce daga yau ba ita ba hira, ta koma teburin bakin ƙofa tana haɗa takardu tana kai wa baƙi shayi. Ya kuma umarci Mai Turare ya je da wayarsa ya sa matar ta maimaita komai, har da tarin.

Shiru ta riga shi zuwa. Ranar ce ta fara shiga gidan mutane hannu wofi, ba abin ajiyewa a tsakani, ba jan idon da za a kalla maimakon ita. Ta tsaya a bakin ƙofar Mai Ɗinki ta faɗi komai da bakinta, a hankali saboda bangon: yadda aka kunna, yadda aka yi dariya, wanda zai zauna a gaba. Mai Ɗinki ta ɗauke ƙafa daga keke. Ta daɗe tana kallon ƙofarta, daga sama har ƙasa. Sannan ta tambayi ina 'yar baƙar take yanzu. Da aka gaya mata, ta ce Allah ya jiƙanta, ta tambayi tsawonta da faɗinta.

Abin da Mai Turare ya samo ba daga bakin marigayiya ya fito ba, don haka ba za mu kawo shi dalla-dalla ba. An dai ji Mai Ɗinki a lasifikokin zauren, cikin murya mai sanyi irin ta gaban alƙali, tana cewa zaman birni sai godiya, mai gidansu kuwa uba ne, ko ƙofa ce ta lalace da kansa yake kai ta gyara. Mai Turare ya ce ko ba haka ba, ta ce haka ne. Baba yana layin gaba yana gyaɗa kai, har ya waiwaya ya duba ko na baya sun ji. Darakta ya miƙe ya bayyana wa baƙi cewa wannan shi ake kira juriyar talakan birni, kuma cibiya ce ta gano ta. An tafa.

Marigayiya ta bar batura biyu sababbi, waɗanda ba su yi aikin kirki ba aka mayar da su marayu. Ta bar abin sawa a kunne mai ji da gefe ɗaya, da safa ƙafa ɗaya da ta zame mata ɗaki, da tarin takardu masu ɗauke da maganar mutane ba tare da tarinsu da dariyarsu ba. Ta bar yayan mariƙiyarta, wanda da ya ji labari ya ce ai dama tsohuwa ce, ya dubi ƙanwarsa, bai ƙara tambaya ba. Ta bar Shiru a teburin bakin ƙofa, wadda har yanzu idan wani ya faɗi magana mai kyau a mota sai hannunta ya tafi jaka ya dawo. Ta kuma bar cibiya yadda ta same ta, da allonta da labulenta.

Za a yi jana'iza da la'asar a bayan gida, gindin bishiyar da ake ɗaura igiyar shanya. Likkafani ya riga ya iso. Mai Ɗinki ce ta haɗa shi da ragowar farin yadi, ta yi masa kalmasa biyu, ta aiko da shi ta hannun babbar 'yarta. Mahaifiyar mariƙiya ce za ta haƙa, da cokalin da ta daina miya da shi. Ba a bukatar fure, ba a bukatar wakilci daga cibiya, wanda kuma ya shirya jawabi ya bar shi a gida. Zaman makoki na yini ɗaya ne. Mai zuwa ta'aziyya ya zo ya zauna kawai, idan wani ya fara magana a bar shi ya kai ƙarshe.

Mai Ɗinki ta aiko a yi mata uzuri, ba za ta samu zuwa ba. Ta ce ɗinki ya yi mata yawa, 'yan matan kuma suna karatun jarrabawa, duk suna ɗaki sun rufe ƙofa.